Murhun Kakata

Yau na ajiye labarin soyayya gefe guda, zancen murhu zan yi da ku.

Tun bayan rasuwar kakarmu, Allah Ya jiƙanta, sashenta da ke gidanmu a wani ƙauye na ƙasar Roni yake rufe. Sai da ƙanwata ta samu cikin fari, za ta dawo wankan gida, sannan aka ce a buɗe a gyara mata. Wallahi ranar da na tura ƙofar madafin nan sai da hawaye ya zubo mini. Gara ta ci azara, damina ta zubar da rabin bango, duwatsun murhu uku sun nutse cikin ƙasa. A cikin ɗaki kuwa ga gadon ƙasarta nan, da ramin da ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa, ya cika da kashin ɓera.

Goggo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, duka biyun za a tayar. A kan gadon nan na yi jegon yayanku."

Ban ce mata komai ba a lokacin, amma na kwana ina tunani. Kafin mace ta gyara tsohon abu, ya kamata ta san tarihinsa.

Masarautarmu ta Kazaure ta kafu ne wajen 1819, zamanin Ɗan Tunku. An yi sarakuna, Turawa sun ci Kano a 1903, an yanke mana jihar Jigawa daga Kano a 1991, duk wannan sauyi murhun mace yana nan da duwatsunsa uku. Dalilin ukun kuwa sananne ne ga duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo: tukunya mai zagayayyen gindi ba ta rawa a kan uku, ko da ƙasar ba ta daidaita ba. Ta tsakaninsu kike tura kara da kirare, in wuta ta yi yawa ki janye. Tokar ma ba a zubarwa, a tace ta a yi miya, ragowar a kai gona.

Abin da ya fara taɓa murhu shi ne fari. Na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa a arewacin ƙasar nan, daga Gwiwa har Babura da ke bakin iyakar Nijar. Kakata takan ce da a bayan gida suke sakato, daga baya sai yaro ya wuni a daji ya dawo da ɗan ƙunshin da bai isa tuwon dare ba. A can Nijar wannan wahala ce ta sa aka yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi a shekarun 1980. Mu a nan risho ne ya shigo kayan ɗakin amare. Da kananzir ya yi wuya zamanin Abacha, tsakanin 1993 da 1998, mata suka koma murhun garin katako da gawayi, har sunansa ya bi shi. Gas ya zo muka ce mun huta, sai ga shi bayan cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, da yawanmu mun sake tsugunawa gaban itace. Kin ga kenan murhu bai mutu ba, jiranmu kawai yake yi.

To amma fa yana da laifinsa. Da na ɗaga kai na ga kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin a rufin madafin, sai na tuna tarin da kakata ta yi ta fama da shi har ƙarshen rayuwarta, da idonta da kullum yake hawaye. Abin da ya manne a azara, shi ta shaƙa shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi zama kusa da wuta.

Shi kuwa gadon ƙasa, iyayenmu sun gina shi ne da kyakkyawar niyya, don tsofaffi lokacin hunturu da kuma mai jego, saboda tsoron kada sanyi ya shige ta. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan mata masu kumburi da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gado mai wuta. Binciken da likitocin Kano suka jagoranta daga baya ya fi karkata ga rama da hawan jinin masu ciki. Ko ma dai yaya, garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya ɗauke uwa da jariri suna barci.

Washegari na durƙusa na gaida Goggo, na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, murhun za mu tayar, gadon kuwa mu bar shi ya huta."

Ta yi shiru, can ta ce, "Yo ku 'yan boko, mu da muka yi mutuwa muka yi?"

Na ce, "Ba ku mutu ba Goggo, amma ki tuna ƙanwarki da ta kumbura kafin arba'in."

Ba ta ƙara magana ba, sai goge ido da ta yi da gefen zane.

Magini ya zo ya ɗaga bango, ya sauya azara, ya buɗe taga babba a saman murhu don hayaƙi ya samu hanya. Ni da Goggo muka tono duwatsun nan uku muka wanke, muka kwaɓa jar ƙasa da ramno muka bar ta ta kwana biyu. Muka mayar da duwatsun mazauninsu daidai gindin tukunya, sannan muka kewaye su da ginin ƙasa, muka bar ƙofa ɗaya ta tura itace da 'yar tazara a bakin tukunya. Iska ta daina kwashe wutar, zafin ya tsaya inda ake bukatarsa. Sai da ya bushe sarai muka hura, don ɗanyen gini tsagewa yake yi. Ramin gadon kuma muka cike shi muka yi daɓe, aka ɗora katifa da bargo.

Ƙanwata ta sauka lafiya. A murhun aka dafa ruwan wankanta, aka sirka shi daidai jiki, aka dama mata kunu ba a cika kanwa ba. Ranar suna Goggo da kanta ta tuƙa tuwo a kai, tana cewa itacen da kakarmu take ƙonawa a yini yanzu yana kai mu har gobe.

'Yar'uwa, in kin gaji tsohon murhu kada ki yi saurin rushewa, tsohuwar zuma da ita ake magani. Amma ki buɗe masa taga, ki sauke goyo kafin ki hura wuta, kuma in mai jego ta fara kumburi ko numfashi yana yi mata wuya, a garzaya asibiti. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin.