Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Yadda Kallon Fim Ya Kafu a Ƙasar Dutse

A Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun, da wuya a tashi daga teburin mai shayi ba a yi musu a kan fim ba. Wannan ya ce an ja labari don neman talla, wancan ya ce jarumar ba ta dace da matsayin da aka ba ta ba, na uku ya yanke hukunci cewa fim ɗin babu tarbiyya. Galibin masu wannan sharhi ba a gidan silima suka koyi kallo ba. Fim ne ya biyo su har gida, kuma hanyar da ya biyo ita ce ta ƙera ma'aunin da suke auna shi da shi.

Farkon hoto mai motsi da mutanen karkara suka gani na majigi ne. A 1939 Turawan Ingila suka kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da suke mulka, motocin gwamnati kuma suka riƙa bin gundumomi da injin haska hoto da farin ƙyalle. A lokacin Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Masarautar Kano. Bayan sallar isha ake kafa ƙyallen a ƙofar gidan hakimi, mai bayani ya kama lasifika yana fassara abin da ake gani: tsabtar gida, allurar riga-kafi, noman gyaɗa da auduga. Bayan samun 'yancin kai gwamnatin Arewa ta ci gaba da wannan, har da nuna rangadin Sardauna. Majigi ya bar wa jama'a gado biyu: kallo abu ne da ake yi a gaban manya da yara, sannan fim sai da darasi.

Silima ta kuɗi kuwa a wancan lokacin a Kano take, a hannun Kwarori. An buɗe Rex a 1937, wasu suka biyo baya. A 1951 gobara ta cinye silimar El Duniya, mutum 331 suka halaka, da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin ishara daga Ubangiji. Tun daga nan sunan silima bai gyaru ba a bakin iyaye. Ana mata kallon matattarar 'yan iska, matar aure ba ta kusantar ta. Amma samarin ƙasar Dutse masu zuwa cin rani da fatauci suna shiga Plaza da Orion da Marhaba, su dawo gida da labarin Indiya. Sun ga auren dole da kunya da biyayyar iyaye da rikicin talaka da mai kuɗi, duk abubuwan da suka sani a gida. Shaƙuwar ta kai har aka yi wa 'yan wasan laƙabi: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Talabijin ce ta buɗe wa mata ƙofa. NTA Kano, da CTV wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, suna sa fina-finan Indiya da wasannin kwaikwayo na Hausa. Samanja na Usman Baba Pategi da Karkuzu da wasannin Ƙasimu Yero suka zama 'yan gida. A ƙauyen da babu lantarki da batirin mota ake kunna akwatin, yaran unguwa su cika tsakar gida. Matar da ke cikin kulle, wadda silima ta fi ƙarfinta, ta zama babbar mai kallo, kuma ita ce daga baya ta riƙe kasuwar fim ɗin Hausa.

Sai abubuwa biyu suka zo kusan tare. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin sana'ar. Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Babangida ta cire Jigawa daga Kano, ta mai da Dutse babban birni. Ma'aikata suka taso daga Kano, da yawa suka bar iyalansu can, suna komawa duk ƙarshen mako. Ta wannan zirga-zirga kan titin Wudil sabon kaset kan iso Dutse ba da daɗewa ba bayan fitowarsa a kasuwar Bata ko ta Ƙofar Wambai. Shagunan haya suka buɗe, masu talla suka kai kaset kasuwannin mako irin su Shuwarin da Sara. Da Sangaya ya fito a 1999 da waƙa da rawa irin na Indiya, sai kasuwa ta bunƙasa, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka zama sanannu har a ƙauye. A shekarar ce kuma aka fara buga mujallar Fim, mai kallo ya sami inda zai karanta labarin jarumai. A karkara kuwa babu kamar marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya tashi a yankin Wudil. Camamarsa ta karɓu saboda Hausarsa da shigarsa da wautar da yake kwaikwayo duk na maƙwabta ne.

Da guguwar Shari'a ta taso a 2000, Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar, tsohon ma'aunin majigi ya dawo da ƙarfi. Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, ta kuma tsananta daga 2007. Tunda daga Kano kaya ke zuwa, duk abin da aka yanke can shi ake kallo a Dutse. Musun da aka fara a lokacin, ko rawa da waƙa tsakanin namiji da mace al'adar Bahaushe ce, har yau bai ƙare ba. Gidajen kallo na unguwa, masu benci da janareto, sannu a hankali suka koma nuna ƙwallon Turai, fim ya ƙara zama abin cikin gida.

Faifan CD ya kori kaset, satar fasaha ta kori faifan. Wajen tsakiyar shekarun 2010 shagon caji ya zama sabuwar kasuwa: ka miƙa memori, a tura maka fina-finai da 'yan canji. Fassarar Indiya, wadda kamfanin Algaita ya yi suna da ita, ta ƙwace masu kallo da yawa, furodusoshi suka yi ta asara. Abin da ya ceci sana'ar shi ne fim mai dogon zango. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in, a 2020 kuma Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka zo daidai lokacin zaman gida na korona. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, ta tara matasa masu kallon na Amurka da Koriya da Turkiyya, waɗanda ke tuhumar darakta a kan hoto da sauti da tsarin labari, ba a kan darasi kaɗai ba.

Yau mai kallo ya sami ikon da kakansa na filin majigi bai samu ba. Ana haska zango ana shirin na gaba, ana ƙirga masu kallo a YouTube, ƙorafin da aka rubuta daga Dutse yana iya kaiwa ga marubuci kafin ya kammala rubutu. Abu ɗaya ne bai canza sosai ba: Kano ke girki, Jigawa na ci. Jihar na da NTA Dutse da tasharta ta JTV, ga duwatsun Garu da na Birnin Kudu, ga tarihin masarautu biyar da ba a taɓa shi sosai a fim ba. Kayan aikin da a da sai mai jari, yanzu waya da kwamfuta sun rage tsadarsu. Masu kallon da suka shafe shekaru suna gano inda labarin wasu ya karkace, su ne suka fi cancanta su zauna su rubuta na garinsu.