Laifin da aka daɗe ana ɗora wa haƙori

Daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa a Katsina, in jariri ɗan wata shida ya fara zawo, kaka za ta leƙa bakinsa ta ce, "Haƙori ne." Idonta bai yi ƙarya ba, tare suke zuwa. Sai dai a watannin ne kuma yaro ke koyon rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, ga kariyar da ya samo daga cikin uwa tana raguwa.

Likitoci ma sun yi irin wannan hukunci, kuma nasu ya fi ɓarna. A 1910 wani likitan Ingila, William Hunter, ya yi lacca a Montreal ya ɗora alhakin cututtukan jiki da dama a kan ruɓaɓɓun haƙora. Shekaru aka kwashe ana fige wa mutane haƙora, har da masu lafiya, don maganin amosanin gaɓɓai. Sai a 1938 wasu likitoci, Cecil da Angevine, suka bi majinyata 200, suka ga cirewar ba ta warkar da ciwon.

Maganar ta dawo da sabuwar riga a 1996. Steven Offenbacher ya duba mata 124 a Amurka, ya ga masu ciwon dasashi sun fi haifar bakwaini da sama da ninki bakwai. Amma talauci da shan taba suna tafe da matsalolin biyu, to wa ya jawo wa? A 2006 aka gwada: mata masu ciki 823, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka wanke wa rabi dasashi kafin haihuwa. Dasashin ya gyaru, amma haihuwar bakwaini ba ta ragu ba.

Ba na raina binciken lura irin na Offenbacher. Da shi Trendley Dean ya kwatanta ruwan sha na birane 21, ya gano sinadarin fuloraid yana rage ruɓewar haƙori, aka jarraba zuba shi a ruwan sha na birnin Grand Rapids a 1945. Abin da nake roƙon likitanmu na Katsina, in an kawo masa sabon bincike, ya tambaya: su wa aka duba, da su wa aka kwatanta, me kuma suka haɗa ban da ciwon? Gobe wata uwa za ta zauna a gabansa da yaron da ya kwana uku yana zawo, an hana ta kai shi asibiti don an ce haƙori ne.