Ko Za a Sake Saduwa? Tarihin Tunanin Lahira a Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙauyukan Dawakin Tofa, ko Bichi, ko Ɗambatta, ko Minjibir, ya san addu'ar da ake rufe gaisuwa da ita: Allah ya jiƙansa, Allah ya sada mu da shi a Aljanna. Saboda sabo, mutum zai ɗauka tun fil'azal haka ake yi. Amma wannan fata na sake saduwa da mamaci yana da nasa tarihi a ƙasar nan, kuma akwai waɗanda suka yi shakkarsa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda manoman wannan yanki suka amsa tambayar ina mamaci yake tafiya, da kuma ko za a sake ganinsa.

Yankin da ake magana a kai yana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a ƙasar Hausa. Gona ba ta hutawa, kowace shekara sai an zuba mata taki an noma ta, kuma uba da 'ya'yansa suna aiki a gandu ɗaya. Idan uba ya faɗi, sau da yawa gandu ya kan watse a raba gona. A irin wannan zama, mutuwa takan taɓa rumbu kamar yadda take taɓa zuciya, ga kuma maƙabarta a tsakanin gonaki, ana wuce ta safe da yamma.

Tunanin Maguzawa

Kafin Musulunci ya game karkara, addinin gargajiya ne ke da rinjaye, kuma Maguzawa ne suka riƙe shi har zuwa ƙarni na ashirin. Masani Joseph Greenberg, mutumin Amurka, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya kuma buga bincikensa a 1946. Ya nuna cewa sun yarda akwai Allah mahalicci, amma suna ganin ya yi nisa, don haka iskoki suke yi wa yanka. Buƙatun da ake kai wa iska kuwa duk na duniya ne: ruwan sama, amfanin gona, haihuwa, da lafiya. Addinin bai ginu a kan hisabi ko sakamakon bayan mutuwa ba.

Wannan ba ya nufin ba su damu da mamatansu ba. A tsohon tunanin Bahaushe, mutum yana da kurwa, wadda maye ke iya kamawa, kuma wanda ya mutu yana iya yin fatalwa. Hanyar sake saduwa da aka fi sani ita ce dawowa duniyar nan. Misali mafi bayyana shi ne wabi. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, akan ce yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa. Don haka akan yi wa jariri alama a kunne, ko a ajiye shi a kan juji kamar ba a so, a raɗa masa suna irin su Ajuji, ko Ayashe, ko Abarshi, ko Abarta, domin ya zauna. Har yanzu akwai dattawa masu amsa waɗannan sunaye a gidajen Musulmi. Haka kuma idan aka mayar wa jariri sunan kakansa da ya rasu, aka saya da Abba ko Babangida, tsofaffin mata kan ce tsoho ya dawo. Yau wasa ne da alkunya, amma maganar tana ɗauke da ƙanshin tsohon tunani.

Abin da Musulunci ya zo da shi

Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun kawo Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, ya kuma ƙara ƙarfi a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya zo. Sai dai daga fada zuwa bukkar manomi tafiya ce ta ɗaruruwan shekaru. Malaman tsangaya da almajiransu, da fatake, su ne suka yi ta kai saƙon sannu a hankali, sannan jihadin da ya kawo ƙarshen mulkin Sarki Alwali a 1807 ya ƙara masa gudu.

Abin da ya zo da shi sabo shi ne cikakken tsari na abin da ke bayan mutuwa: tambayar kabari, wadda Bahaushe ya ciro sunan Walakiri daga gare ta, da zaman barzahu, da tashin ƙiyama, da mizani, da siraɗi, sannan Aljanna ko wuta. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya lissafa waɗannan a babin aƙida. Game da saduwa kuwa, malamai kan kafa hujja da ayoyin Suratuɗ Ɗur da Suratur Ra'ad, inda aka yi alkawarin haɗa muminai da iyaye da mata da zuriyarsu waɗanda suka yi imani suka kyautata. Ke nan wurin saduwa ya tashi daga duniya ya koma lahira, kuma an gindaya masa sharaɗi, wato imani da aiki.

Waƙoƙin wa'azi ne suka kai wannan ilimi ga wanda bai yi karatu ba. Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta fassara Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa, ta kuma yi marsiyyoyi ga 'yan'uwanta da suka riga ta, cike da roƙon haɗuwa a Aljanna. A ƙarni na ashirin, Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya ta shiga kasuwannin ƙauye ta bakin makafi masu bara. Matar da ke daka a tsakar gida ta san bayanin kabari da na Aljanna daga bakinsu.

A ƙasar da ta ga yunwar 1914, da annobar mura ta 1918, da zuwan ƙyanda da sanƙarau shekara bayan shekara, wannan koyarwa ta fi taɓa iyaye mata. Idan yaro ya rasu, ana ce wa uwa: Allah ya sa mai ceto ne. Wato yaron da a da ake tsoron shi ne ke zuwa yana komawa, yanzu an ce ya yi gaba ne yana jiran iyayensa.

Masu shakka

Shakkar tashin matattu tsohuwar aba ce. Alƙur'ani da kansa ya ba da labarin masu cewa zamani ne kawai ke kashe mutum, da masu tambayar wa zai raya ƙasusuwan da suka rududduge. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi raddi ga masana falsafar da suka ce rai ne kaɗai ke wanzuwa ban da jiki. Malaman Kano sun san waɗannan muhawarori a littafi.

A karkara kuwa shakkar ba ta falsafa ba ce. Hujjar tsohon Bamaguje idan ana kiransa zuwa sallah ita ce, gani ya kori ji, kuma ba wanda ya je ya dawo da labari. Amma abin da ya fi hana da yawa karɓar kiran shi ne tambayar iyaye. Lokacin da musuluntar Maguzawa ta yawaita, tun daga rangadin da Sardauna Ahmadu Bello ya yi a sassan Arewa tsakanin 1963 da 1965 zuwa shekarun da suka biyo baya, wanda zai tuba yana fuskantar lissafi mai nauyi. In ya shiga Aljanna, ina mahaifinsa da ya mutu yana yanka wa iska? Alkawarin saduwa da aka yi masa shi ne kuma ke barazanar raba shi da nasa har abada. Waɗanda suka bi Kirista, ta hanyar mishan irin su SIM da ta riƙe asibitin kutare na Yadakunya a ƙasar Ungogo, su ma sun ci karo da wannan tambaya, domin rai madawwami a can ma yana rataye da bangaskiya.

Malamai ba su amsa da murya ɗaya ba. Wasu sun tsaya a kan cewa wanda ya mutu a kan shirka ba a roƙa masa gafara, suna kafa hujja da Suratut Tauba. Wasu kuma sun tuna da ayar Suratul Isra'i da ke nuna ba a azabtar da mutane sai an aiko musu manzo, suka ce hukuncin wanda kira bai isa gare shi yadda ya kamata ba yana wurin Allah. Wannan amsa ta biyu ita ce ta sanyaya zuciyar tubabbu da dama.

Akwai kuma tambayoyin masu imani da kansu. Matar da ta gama takaba ta wata huɗu da kwana goma ta sake aure kan tambaya: wane miji za ta bi a Aljanna? Wasu malamai sun ce na ƙarshe, wasu sun ce za a ba ta zaɓi ta ɗauki mafi kyawun hali. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 kuma, saɓani ya shiga ƙauyuka a kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Izala na ganin taron bidi'a ne, mabiya Ƙadiriyya da Tijjaniyya da dama na ganin hanya ce ta aika wa mamaci lada. Duk da zafin gardamar, ɓangarorin biyu sun yarda mamaci yana nan, kuma addu'ar ɗa nagari tana isa gare shi.

Musun lahira ƙuru-ƙuru baƙon abu ne a karkara, kuma ko a birni yana da tsada. Mubarak Bala, ɗan Kano da ya bayyana cewa ba ya bin kowane addini, an kama shi a 2020 a kan rubuce-rubucensa a Facebook, babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024. Mai nazarin tarihi ya kamata ya lura da wannan, domin shirun jama'a a kan irin wannan batu ba ya isa ma'aunin abin da ke zuciyar kowa.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, manomin arewacin Kano bai taɓa yarda cewa mutuwa ta yanke zumunci ba. A da ya nemi mamacinsa a fuskar jariri, daga baya ya sa ran ganinsa a Aljanna, kuma mafi yawan shakkar da ya yi tsoron rabuwa ne ya haife ta. Dattawan da ke amsa Ajuji da Abarshi suna ƙarewa, haka ma waɗanda suka ga tubar iyayensu da idonsu. Malaman makaranta da ke waɗannan ƙauyuka su ne suka fi kusa da su. Ya kamata su zauna da su cikin ladabi, su tambaye su dalilin sunayensu da yadda aka yi jana'izar kakanninsu, su rubuta, tun kafin mutuwa, rigar kowa, ta tafi da amsar.