Daga Ido Zuwa Na'ura: Duban Wata a Mainika

A da, ran 29 ga Sha'aban, da an sallame magariba sai mutanen Mainika su fita bayan gari, kowa ya ƙura wa yamma ido. Wanda ya hango jinjirin wata ya shaida wa mai unguwa, maganar ta bi ta dagaci da hakimi har fadar Kano.

Rediyo ya zo ya rage wannan tafiya.

Madubin hangen nesa, wanda aka ƙera a Holan a 1608, yanzu har 'yar kwamfuta ake maƙala masa. A ba ta wuri da lokaci, ita za ta juya shi saitin wata. Masu duba a Sudair ta Saudiyya suna amfani da madubai, amma a Mainika sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato ake jira.