Kaciyar yara maza: a yi ta cikin jego ko a jira yaro ya tasa?

A gidajen Hausawa, ko a Maraɗi ne ko Garwa ko Njamena, ba a muhawara kan ko za a yi wa ɗa namiji kaciya. Inda ra'ayi ke rabuwa shi ne lokacin da za a yi ta, da kuma hannun da zai yi ta.

A tsohuwar al'ada sai yaro ya kai wajen shekara bakwai. Akan tara yaran unguwa a lokacin sanyi, saboda an fi yarda miki bai cika rurewa ba a wannan lokaci, wanzami ya yi musu shayi a rana ɗaya, sannan a yi ta jinyarsu da kaji da abinci mai rai har su warke. Yanzu, musamman a birane, iyaye da yawa sun koma yin ta tun yaro yana jariri, a asibiti.

Wannan jira na dā yana da tushe a fiƙihu. A mazhabar Malikiyya, wadda galibin Musulmin Afirka ta Yamma ke bi, kaciyar namiji sunna ce mai ƙarfi, kuma lokacin da aka fi so shi ne sa'ad da ake fara umartar yaro da salla, wato daga shekara 7 zuwa 10. Malaman mazhabar sun karhanta yin ta a ranar haihuwa ko a rana ta bakwai. Shafi'iyya kuwa suna ganin wajibi ce, har suna son a yi ta a rana ta bakwai ɗin. Babu mazhabar da ta haramta yin ta cikin watannin farko, don haka uban da ya kai jaririnsa asibiti bayan sati uku bai saɓa wa addini ba, ko da kakar yaron ta yi ƙorafi.

Ta fuskar lafiya, amfanin kaciya da aka fi tabbatarwa ya fito ne daga gwaje-gwaje uku da aka yi wa manyan maza a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda, waɗanda aka wallafa tsakanin 2005 da 2007. Sun nuna tana rage yiwuwar namiji ya ɗauki ƙwayar cutar sida daga mace da kusan kashi 60 cikin 100. A kan haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita a 2007 a ƙasashen da cutar ta yi yawa. Ragewa ce kawai, ba rigakafi ba. Tana kuma rage ciwon mafitsara a shekarar farko ta rayuwa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2012 amfanin ya rinjayi haɗarin, amma ta bar zaɓi a hannun iyaye.

Hujjar masu son a yi ta da wuri tana da ƙarfi. A kwanaki 60 na farko loɓa tana da laushi, jini bai cika zuba ba, galibi ba a buƙatar ɗinki, kuma mikin yana warkewa cikin kwana bakwai zuwa goma. Babban yaro yana tsoro, yana fizge-fizge, jinyarsa ma ta fi tsawo. Sai dai kuskure ne a ce jariri ba ya jin zafi. Yana ji, kuma haƙƙin iyaye ne su tambaya ko za a yi masa allurar kashe zafi.

Akwai jariran da bai kamata a taɓa su ba tukuna: bakwaini, da wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, da mai shawara ko zazzaɓi. Haka nan wanda aka haifa ƙofar fitsarinsa ba ta a tsinin gabansa, sai ta ƙasa. Irin wannan yaro likitan tiyata yakan buƙaci loɓar don gyara, in an yanke ta an ɓarnatar da abin aikin. Abu na gaba da ya kamata a bincika shi ne dangin uwa, domin cutar rashin daskarewar jini ta wajen uwa take bi zuwa ga 'ya'ya maza. Idan akwai kawun yaro da jininsa ya ƙi tsayawa bayan kaciya ko cire haƙori, a gaya wa likita kafin a fara komai. Jinin jikin jariri mai kilo uku bai wuce kwata ɗin lita ba, don haka zubar da babba zai raina tana iya kashe shi.

Wanzamai da yawa sun gaji sana'ar kuma hannunsu ya faɗa, amma gwaninta a kan ɗan shekara bakwai ba ita ce gwaninta a kan ɗan sati biyu ba. Aska ɗaya ga yara da yawa hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da sida, sannan toka ko garin magani a kan miki na iya jawo tetanus. A asibitoci da dama ana amfani da wani zoben roba mai suna Plastibell, wanda ke faɗuwa da kansa cikin mako guda ko kusa da haka. Idan ya wuce kwana goma bai faɗi ba, ko ya zame ya shaƙe kan gaban, a mayar da yaro nan take.

Bayan an dawo gida, alamun da ke buƙatar komawa asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba su ne jinin da ya ƙi tsayawa, da rashin fitsari na tsawon sa'o'i takwas, da zazzaɓi, da kumburi mai wari ko mugunya, da ƙin kama nono. 'Yar farar ɓawo mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a kan mikin a kwanakin farko alamar warkewa ce, ba a kankare ta.

Duk wannan bayani ya shafi maza ne kaɗai. Kaciyar mata ba ta da wani amfani ga lafiya, kuma dokar Nijar ta haramta ta tun 2003.