Mikiron Jitar Bes a Teburin Baba

A unguwar Zongo ta Paraku na tashi, a shagon gyaran rediyo na mahaifina. Ba makaɗi ba ne, bai ma cika son waƙa ba. Amma duk jitar bes da muryarta ta shaƙe, teburinsa take kwana.

A shekarun 1970, tun ƙasar tana Dahomey kafin a maida ta Benin a 1975, Paraku ta yi tashe da kiɗan lantarki. Ƙungiyar Super Borgou ta Moussa Mama tana waƙa da Barbanci da Dendi, kamfanin Albarika Store yana buga mata faifai. Paraku ce ƙarshen layin dogo daga Kwatano, kuma ta nan kaya ke shigowa arewa, galibi kwance. Jita ta sha hannu a bakin teku kafin ta iso gare mu. Wanda zai gyara ta fa? Babu, sai masu rediyo.

Abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya mu "mikiro" muke ce masa, yadda masu Faransanci ke faɗa. Ba wani sihiri a ciki: maganaɗisu ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, ya haifi 'yar wuta, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Leo Fender ya fitar da jitar bes mai suna Precision Bass a Amurka a 1951, a 1957 aka raba mikironta gida biyu. Yawancin waɗanda na gani kwaikwayonta ne.

Makaɗi zai shigo yana cewa, "Malam, mikiro ya mutu." Baba ba ya amsawa. Sai ya canja igiya tukuna, ya girgiza bakin da ake soka ta, ya murɗa maɓallan sauti ya ji ko ƙurar hunturu ta cika su. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Wani lokaci kuma soson da ke ƙarƙashin mikiron ne zafi ya narkar, ya nutse ya yi nisa da tsirkiya. A yanko guntun silifas a cusa, murya ta dawo.

In ba haka ba, sai ya ɗauki sukudireba ya ƙwanƙwasa kan kowane maganaɗisu, kunnensa a lasifika. Mai lafiya yana amsawa da "ƙwas" mai nauyi. Sannan ya rage maɓallin da ke yanke kaifin sauti har ƙasa: idan sautin ya ɓace ɗungurungum, waya ta tsinke a ciki. Gumi ne ke jawo wannan, ya shiga ya ci jan ƙarfen har ya yi kore. Daga baya da ya sayi mita, allurarta ta riƙa nuna wajen om dubu 10 ga mai lafiya, ta ƙi motsi ga matacce. Ni dai ban ga ta faɗa masa abin da kunnensa bai riga ya ji ba.

Wata rana wani saurayi ya zo daga Jugu, tsohon zangon fataken goro tsakanin Kano da Gwanja, da bes ɗinsa cikin buhu, ga biki jibi. Baba ya warware wayar a hankali, zagaye bayan zagaye, ina riƙe masa fitila. Allah ya taimaka tsinken yana kusa da waje. Ya kankare bakin wayar da reza, ya liƙe da dalma, ya tsoma duka cikin narkakken kakin zuma.

Yau kibod ya cinye gurbin bes a yawancin bukukuwa, mikiro kuwa in ya mutu a cire a jefar, a sa sabo na Sin. A 2012 kamfanin Analog Africa na Jamus ya sake fitar da waƙoƙin Super Borgou. Da na saurara, bes ɗin kawai kunnena ya bi.