Ikko

Tsofaffin Birnin Tsaba da Zurmi da Shinkafi ba su cika cewa Legas ba. Ikko suke cewa, kuma a kunnena sunan ya fi daɗi, don bakin fatake ne ya kawo shi.

Asalinsa Eko ne, sunan da Yarabawa ke kiran tsibirin da birnin ya fara kafuwa a kai. Wasu masana na cewa daga harshen mutanen Bini ya fito, yana nufin sansanin yaƙi. Wasu kuma na danganta shi da "oko", wato gona da Yarabanci. Bahaushe ya ji Eko, ya mai da wasalin farko i, ya ƙarfafa k ɗin, ya samu abin da harshensa zai iya riƙewa. Legas kuwa daga Turawan Fotugal take, ma'anarta tafkuna, ta iso mana ta bakin Ingilishi da makarantar boko.

A 1929 layin dogo ya iso Kaura Namoda, nan ne ƙarshensa. Daga nan gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarawa bakin teku, goro yana hawowa. Wanda ya je Ikko ya dawo, zaure kan cika don jin labarin ruwan da ba a ganin gaɓarsa, da na Hausawan Agege.

An mai da babban birnin tarayya daga Ikko zuwa Abuja a 1991. Yau matasan da ke tafiya ci-rani Legas suke cewa, Ikko ta fi zama a bakin dattawa da gidajen rediyo.